Gular Bahaguwa

Makon jiya an yi biki a gidan da ke kallon nawa a nan unguwar Bukan Sidi, cikin garin Lafiya. Yini uku cur ana cashewa, ban ga ganga ko ɗaya ba, balle kalangu. Wani ɗan gayu suka ɗauko mai akwati da sifika biyu masu tsayin mutum, ya zauna a inuwa yana latse-latse da yatsa kamar mai tsintar shinkafa, bangon ɗakina yana girgiza, kwanonina suna ƙara a kan kanta. Wai shi ne makaɗin. Na tare uwar amarya a bakin famfo na ce, "Ke, wannan makaɗin naku ina gularsa?" Ta bushe da dariya har tana riƙe ciki, ta ce, "Haba Iya, ai an wuce wurin." An wuce wurin! Yarinyar da na san ranar da aka yanke mata cibiya, wadda aka kai uwarta ɗakin miji da kiɗan gular da ta fito daga hannun nan nawa. Na dawo na zauna abin yana cina, sai tsofaffin fuskoki suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi ba duka nake marmarin gani ba.

Tunda an wuce wurin, bari in faɗa wa waɗanda ba su sani ba. Gula ita ce sandar nan mai lanƙwasasshen wuya da ake kaɗa ganga da kalangu da ita. Ba ta kai kamu ɗaya ba, amma in babu ita ganga turmi ce kawai da aka rufe wa baki. A Lafiyar da na sani, kunne ma yana da aikin yi. Da hantsi za ki ji gizagon masassaƙa yana ƙwas-ƙwas, ki ji luguden mata daga gida uku a jere, kowace kin san ta da saukar taɓaryarta. Sannan can daga layin mahauta sai kalangu ya ɗauka. In an kayar da bijimi mai kitse, kiɗan daban. In tsohuwar saniya ce aka lallaɓa, kiɗan ma sai ya riƙa jin kunya. Kina tsakar gida kina tankaɗe kin san irin naman da ke kasuwa, ba wanda ya aiko miki. Yau fa? Janareta, acaɓa, da waya da ke kuka a aljihun kowa kamar ɗan tsako. Garin ya cika da ƙara, ba sauti ko ɗaya da ke gaya miki komai.

Maigidana, Allah ya kai haske kabarinsa, masassaƙi ne. Ƙotar fartanya yake yi da muciya, amma gula ce ta sa aka san ƙofar gidanmu. Ni aikina hura masa wuta, kuma mai hura wuta ba a rufe mata ido. Reshen itacen dargaza yake sarowa a dajin hanyar Doma, ƙarshen damina, lokacin da itace bai bushe ba kuma bai cika ruwa ba, mai kaurin babban yatsa, wanda ba shi da ƙulli. Ya ɓare ɓawon, ya shafe shi da man kaɗe, ya tura cikin toka mai zafi, ba cikin harshen wuta ba. Yana juyawa yana sansanawa. Akwai wani ƙamshi da itacen ke saki, kamar na gyaɗar da ta kusa soyuwa. In ya fito, to lokacin ne, in kika tsaya gyara ɗaurin zane ya wuce. Sai ya zaro ya ɗora a turke ya tanƙwara a hankali, a hankali, yana cewa, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗanyen ma ba ya son a yi masa tsawa." Ya ɗaure da igiya ya rataye a rufin madafa, hayaƙin tuwo yana bi ta kansa kwana arba'in. Bayan nan a sassaƙe kan ya yi faɗi, a kankare da fasasshiyar kwalba har ya yi santsin da ba zai yaga fatar kalangu ba, don fatar kalangu ba ta fi ɓawon albasa kauri ba. Daga ƙarshe a naɗe mariƙin da siririyar fatar akuya saboda gumi.

Shekara biyu kafin ya rasu hannunsa ya soma rawa. Da farko ya ɓoye. Ranar da ya karya reshe huɗu a jere a kan turke, ya zauna ya zuba wa tokar ido. Na ajiye mafici na ɗauki na biyar. Bai hana ni ba, bai kuma dube ni ba. Tun daga ranar ni ke gashi, ni ke tanƙwarawa, ni ke sassaƙa da gizagonsa a bayan ɗaki, shi kuma ya zauna a zaure yana naɗa fata a mariƙi, don in makaɗa sun shigo su tarar da aiki a hannunsa. Dole mu yi haka. Makaɗan garin nan a lokacin sun ƙudurce cewa gular da mace ta sassaƙa tana da sanyin hannu: tana fasa fata, tana korar kari a filin biki, makaɗi ya yi ta duka har la'asar ba mai manna masa ko sisi. Ko matansu na aure ba sa taɓa musu jakar kiɗa. In tsautsayi ya sa mace ta tsallake gula, sai an yi mata turare. Maza masu gemu fa, ba yara ba.

Da ya rasu ya bar ni da 'ya'ya huɗu da gizago ɗaya. Danginsa suka ce in na fita takaba in kwashi yara mu koma ƙauyensu wajen Agyaragu, a ba ni kuyya biyu ta doya in riƙa nomawa. Na ce to. A raina na ce sai dai a kai gawata. Wata huɗu da kwana goman nan da mace ba ta fita, ba wanda ke leƙa abin da take yi a madafa, ni kuwa akwai rassan da muka tanƙwara muka tara. Da na fita takaba na ɗauki faifai na jera gula shida na tafi kusa da layin mahauta na shimfiɗa buhu. Makaɗa suka zagaye ni suna ta'aziyya. Na ce marigayi ya bar buhu guda cike a rufin ɗaki, ina fitarwa kaɗan-kaɗan don cefanen marayu. Suka ce Allahu akbar, mutumin kirki ko ya mutu yana ciyar da gidansa. Suka kwashe tas. Shekara uku wannan buhu bai ƙare ba, kuma cikinsu ba wanda ya taɓa tambayar wane irin buhu ne wannan. Ba su so su sani ba ne. Gular tana musu daɗi a hannu, fata ba ta fashe ba, kari yana zuba.

Kuskurena ɗaya, kuma ko a mafarki bai taɓa zo mini ba. Ni bahaguwa ce. An doke ni a kan haka ina ƙarama har na koyi cin tuwo da dama, amma wuƙa da allura sun ƙi barin hagu. Maigida in zai naɗa fata a mariƙi, daga dama yake zagayowa. Ni da naɗin ya dawo hannuna, sai na riƙa zagayowa ta hagu, ban ma san na yi ba.

Babban mai kalangun mahauta a lokacin ana ce masa Dogo. Abokin maigidana ne, ya ci tuwona ya fi sau ɗari, shi ya riƙe ƙafar makara ranar jana'iza. Baƙi ne siriri mai jan ido, in yana kiɗa ba ya murmushi, kuma gaskiya ɗaya ce, ban taɓa jin hannu irin nasa ba. Yana da tsohuwar gula da ya saya tun maigida na da rai, naɗinta ya soma warwarewa, sai ya ajiye ta kusa da sabuwa don ya kwaikwayi yadda aka yi. Nan ya ga ɗaya ta bi gabas ɗaya ta bi yamma.

Ranar kasuwa ce, rana ta take tsaka, wuri ya cika. Na hango shi tafe da makaɗa biyar a bayansa, ba sallama.

"Matar marigayi," in ji shi, da ƙarfi yadda masu nama za su ji, "ashe abokina a kabari ya koma bahago?"

Mahauta suka tsayar da sara. Na ce, "Sannu da rana, Malam Dogo."

"Riƙe sannunki. Ku duba nan, jama'a." Ya ɗaga guloli biyu sama. "Wannan naɗin namiji, wannan naɗin wa? A gidan nan mutum ɗaya na sani da ke yanka kuɓewa da hagu. Shekara uku muna cin guba! Shi ya sa fatata ta fashe a bikin Doma."

"Fatarka ta fashe don ka bar ta a rana ka tafi cin sakwara," na ce. "Kowa ya gani."

Wani mahauci ya tuntsire da dariya, wannan dariyar ce ta ƙarasa ni. Dogo ya sunkuya ya ɗauki faifaina gaba ɗaya, ya taka zuwa wurin mai tsire, ya juye a wuta. Sauran ma kowa ya buɗe jaka ya zaro tasa ya jefa. Itacen da ya sha man kaɗe da hayaƙin kwana arba'in, kin san yadda zai ci. Na tsaya ina jin ƙamshin nan na gyaɗa yana tashi, mai tsire yana janye namansa gefe yana salati. Mata masu sayar da daddawa da muke zama tare, kowace ta sami abin dubawa a cikin kwandonta. Ban manta su ba su ma.

Ban yi kuka ba. Na naɗe buhuna na je gabansa, na nuna tsohuwar da ta rage a hannunsa, wadda ya kira naɗin namiji. Na ce, "Wannan ma jefa ta. Naɗin nasa ne, amma ni na gasa ta, ni na tanƙwara, ni na sassaƙe kanta, lokacin abokinka ko ludayi ba ya iya riƙewa. Kana zaure kana shan kunu ina bayan ɗaki ina yin ta. Jefa mana, sarkin tsarki."

Ya dubi gular. Ya dubi wutar. Ya ce, "Ƙarya kike, makira." Sai ya zura ta a aljihun riga ya juya. Ni kaɗai na lura da wannan, kuma shi na riƙe na yi ta taunawa a watannin da suka biyo baya, lokacin da babu abin taunawa a gidan.

Don an sha wuya, kada wani ya ce muku ba a sha ba. Damina guda muna cin rogo da barkono. Ba makaɗin da ke bi ta ƙofata, yarana in sun fita ana nuna su. Dangin miji suka sake aiko da maganar kuyya biyu. Waɗanda suka fara buɗe mini hanya mata ne masu kiɗan ƙwarya a gidajen suna, su 'yan sanduna miƙaƙƙu suke so, marasa nauyi, aikin da nake yi ina hira. Sai wata rana wata mace 'yar ƙabilar Eggon, gajeriya mai faɗin murya, shugabar mata a cocinsu, ta yi sallama ta shigo har madafa. Ta ce da irin Hausarsu, "Mama, na ji labarinka a kasuwa. Mu ba ruwanmu da hannun mace ko na namiji, abu ya yi ƙara kawai. Za ka iya yi mana wanda ake buga tulu?" Ban taɓa gani ba. Ta kai ni cocin na zauna a bakin ƙofa na ga yadda suke dukan bakin tulu da tsumma a dunƙule, sauti yana fita a shaƙe. Na dawo na yanka tsohon silifa, na ɗora soso, na rufe da atamfa na ɗinke a kan mariƙin dargaza. Ranar da suka gwada, tulun ya yi wani gurnani har matan suka yi guɗa. Daga cocinsu sai na 'yan Tibi, sai na 'yan Alago. Hedimastan wata firamare ya zo yana neman ta babbar gangar fareti, na yi masa mai kan ƙwallo, robar tayar keke a ciki, fatar tunkiya da gashinta a waje. Kafin shekara biyu na kafa rumfa a ƙofar gidan nan, na ɗauki zawarawa uku muna aiki, ana zuwa sari daga Doma da Agyaragu. Ni da ban san alif ba, ban taɓa zama a benci ba, da gizagon nan na aurar da huɗu na yi wa gidan nan kwano.

Yanzu in na faɗi haka sai jikokina su ce, "To Iya, ai sai a sayi inji a faɗaɗa." Inji! Na ga abin da injin ke haifarwa a kantunan bakin titi: sanduna farare sumul a cikin leda, kai na roba, itacen ko sunansa ba a sani ba, an busar da shi a kwana biyu. Duka ɗaya suke kamar haƙoran mataci. Mu sai mun dubi hannun mutum, mun ga tsawon damtsensa da yadda yake karya wuyan hannu, kafin mu zaɓar masa reshe. Su wa suka duba? Kuma ko na ce zan koma aikin, da me? Dajin da muke saran dargaza masu gawayi sun cinye shi ƙurmus, sun bi da marke da ƙirya, abin da ya rage an yanka fulotai an kafa duwatsu. Mu reshe muke cira mu bar uwar ta sake tohowa. Su uwar suke kayarwa, su tone saiwar, su cusa a buhu a loda a tirela. Sai su ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ina kiɗan? A nuna mini shi tukuna.

Su Dogo kuwa, bayan sun ƙona nawa, wajen wani mai sassaƙa ƙota suka koma. Namiji ne, hannunsa da ɗumi, sai dai bai san toka ba, a harshen wuta yake gasawa, kuma ba ya jiran kwana arba'in. Gularsa ko ta miƙe da kanta bayan mako biyu, ko ta tsage a kai ta yaga fata. Ina rumfata labari yana iske ni: wane ya fasa kalangu a gaban ango, wane gula ta karye masa kan ya tashi ya faɗa a kwanon miya. Ƙanana daga cikinsu suka fara aiko da 'yan uwansu mata a ɓoye, wai ta kiɗan ƙwarya suke so amma a ɗan lanƙwasa wuyan. Na sayar musu, ba su ne suka ɗauki faifaina ba. Dogo shi kaɗai kiɗansa bai lalace ba, ni kuma na san dalili, yana aljihunsa.

Ana cikin shekara ta uku, mako guda kafin babbar salla, lokacin da mahauta ba sa wasa da kiɗa, sai ga matar Dogo da lulluɓi har ƙasa. Mace mai haƙuri, ba ni da komai da ita. Muka gaisa, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta kwance bakin mayafi ta fito da tsohuwar gular nan, ta rabe biyu daga wuya.

"Yaya, wani baƙo ne ya sauka wurinmu, yake cigiyar irin wannan."

"Baƙon nan dogo ne baƙi mai jan ido?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya, ki dubi Allah. Kwana uku bai fita ba. Mahauta sun ce in bai zo jibi ba za su kira wani daga Doma."

Na ce, "Ki gaya wa baƙonku akwai. Na ma san tsawon hannunsa, ba sai an gwada ba. Amma ba na aike. A kasuwa ya ƙona, da rana, a gaban mutane. Ya zo nan da ƙafarsa, da rana, rumfa a cike."

Washegari bai zo ba. Ranar da ta biyo, da hantsi, matan coci biyar suna zaune suna jiran kayansu, zawarawana suna kankara, sai inuwa ta rufe bakin rumfa. Ya rame, gemun ya yi fari. Ya yi sallama ciki-ciki, matan suka amsa, ni na ci gaba da abin da nake yi sai da na kai ƙarshen naɗi na ƙulle. Sannan na tashi na ciro tasa daga rufi. Tun shekarar da ya ƙona mini kaya na tanƙwara ta, hayaƙi ya mai da ita ja kamar goro.

Ya dube ta. Ya nuna tabarma da haɓa. "Ajiye nan, matar marigayi."

"Ba na ajiye aikina a ƙasa."

"To ba wa ɗaya daga cikin..." Ya waiga, duk rumfar mata ne. 'Yar Eggon ɗin nan ta ce, "Baba, karɓa mana, ba ya cizo." Aka yi dariya, irin wadda aka yi a layin mahauta.

Na miƙa masa, da hannun da ya yi ta. Kowa ya san abin da ake nufi in an miƙa wa babba abu da hagu, ni ma na sani, an doke ni a kansa. Na bar hannun a miƙe. Ya tsaya har na fara jin damtsena yana tsami, ƙuda ya sauka a kan gular ya tashi. Sannan ya sa hannu biyu ya karɓa.

Ya buga ta a tafinsa sau uku, ya jujjuya wuyan hannu. Ya ce, "Kan ya ɗan yi nauyi."

"Hannunka ne ya tsufa."

Ya ajiye kuɗinsa a bakin turke ya fita. Ban ce ya zauna ba, ban ba shi ruwa ba, ban ce ya gaida gida ba. Har ya koma ga Allah ni nake yi masa gula, kuma kowace sai ya zo da kansa ya karɓa haka. Akwai waɗanda har gobe suke cewa na wulaƙanta dattijo, abokin mijina, a gaban baƙi. Ƙwarai kuwa. Da niyya na yi.